Sunan da Ya Gagari Bakin Kabira

Idan ka sauka unguwar Misfala a Makka ka tambayi inda za ka ga Kabira, ba wanda zai wahalar da kansa da yi maka kwatance. Cewa za a yi ka tsaya ka kasa kunne. Duk lungun da ka ji muryar mace tana rantsuwa da Hausa, tana ciniki da Larabci, tana ƙyalƙyala dariya a tsakani, ka nufi can, ita ce.

Sana'arta ba shago, ba tebur. Alhazai da 'yan Umara da suka zo daga Kano ko Maraɗi, waɗanda Larabcinsu bai wuce na sallah ba, su take kwasa ta zaga da su sayen tsaraba: jallabiya, dabino, turare, darduma, zoben azurfa. Ita ce bakinsu, ita ce kunnensu. Mai shago ya faɗi farashi, ta dafe ƙirji ta ce, "Haram alaik, ya shek!" wato ka ji tsoron Allah, malam. Sannan ta juya ta raɗa wa hajiyar da ta kawo, "Ɓata fuska, kada ki nuna kina so." In ciniki ya faɗa, mai shago ya ɗan sallame ta, hajiya ma ta yi mata ihsani. Wani ɗan Yaman mai sayar da abaya ya taɓa rantsewa gara ya yi ragi da ya ci gaba da sauraronta, kuma ya yi ragin, ita kuma ba ta yi shirun ba.

Kakanninta daga ƙasar Kano suka taso da ƙafa da niyyar aikin hajji. Suka yada zango a Chadi, suka sake yada wani a Gadarif ta Sudan, zangon ya zama gida. A can aka haifi Kabira cikin manoma riɗi. Tafiyar da kaka ya fara jika ce ta ƙarasa, sai dai ita a jirgin ruwa ta tsallako, da lallen aure a ƙafa. Aka kawo ta gidan Hafizu, ɗan dangi, direban bas a wani kamfanin jigilar alhazai. Hafizu mutum ne marar hayaniya, shi da kansa yake faɗa cewa tun da ta tare bai sake neman rediyo ba. Suna zaune a saman wani tsohon bene a unguwar Utaibiyya tare da mahaifiyarsa, Hajiya Rakiya.

To, bakin nan da ya karaɗe Misfala, akwai mutum guda da bai taɓa zama ya yi wa hira ba. Ɗanta ne na fari.

Kunyar ɗan fari Kabira ta taho da ita daga Gadarif cikin kayan aurenta, ba ta ɓata ba, ba ta fashe ba. Ga kuma ƙari a kan ƙari: yaron sunan marigayi mahaifin Hafizu ya ci, Mustafa. Sunan ɗan fari, sunan suruki, ina mace mai tarbiyya za ta kai bakinta nan? Mutanen gida suka sa masa Tsoho. Ita ko Tsohon ba ta faɗa. "Wancan" take cewa, ko "ɗan Hajiya". Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarsa, wadda ke kiransa Maigida, tana yi masa tsiyar bai ba da kuɗin cefane ba.

Kada wani ya ɗauka ba ta son sa. Sonsa take kamar ranta, kuma son da ba shi da hanyar fita ta baki ya fi cin mai shi. Tsokar da ta fi kyau a tukunya tasa ce, sai dai ta hannun ƙanwarsa Basma za ta bi: "Kai wa wancan." In zai tafi makaranta, Kabira takan laɓe a bayan labulen taga, ta bi shi da ido har ya sha kwana, sannan ta fito tana faɗan an bar mata takalma a hanya.

Makka kuwa gari ne da ake girmama mace da sunan ɗanta na fari. Maƙwabta Larabawa suka yi ta kiranta Ummu Mustafa, tana yin kunnen uwar shegu, har suka fara zaton ta raina su. Sai da aka haifi Basma aka samu maslaha. Ta zama Ummu Basma, kowa ya huta.

Basma ta gado uwarta kaf. Tun ba ta iya ɗaura zani ba take ba da labarin unguwa. Tsoho kuwa maganarsa ba ta fita. In ya buɗe baki, harafin farko ya maƙale masa, ya yi ta maimaita shi har idonsa ya kawo ruwa, yara su yi dariya. Da ya ga haka sai ya tattara ya ajiye maganar. A ɗakin kakarsa ma ba ya buƙatarta, domin kunnen Hajiya Rakiya ya yi nauyi, da ido take sauraro. Ya nuna da yatsa, ta miƙo. A gida aka ce ai gado ne, ubansa ma haka yake, zurfin ciki ne kawai.

Makaranta ce ta ƙi yarda da wannan. Irin makarantun nan ne na ƙananan azuzuwa da mata ke koyar da yara maza. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda inda wata ƙwararriya kan gyaran magana, Abla Manar, wato Malama Manar, take zuwa daga wata cibiya wasu ranaku a mako. Duk zaman da ta yi da yaro, cibiyar na aika lissafinsa ga inshorar lafiyar iyayen, wadda mutanen Makka ke kira tamin. Kamfanin Hafizu ya yanka wa iyalinsa tamin, aka nemi izini, aka bayar na zangon karatu guda. Tsoho ya fara zuwa.

Abin ya karɓe shi. Abla Manar takan sa shi ya hura kumfar sabulu, ya kalli bakinsa a madubi, ya riƙa buga tafin hannu a tebur a hankali, kowane bugu da gaɓar magana guda. In ya yi gaggawa ta ce, "Shuwayya-shuwayya," wato sannu-sannu. In ya faɗa daidai ta ce, "Marra tanya," wato a sake. Yaro ya fara dawowa gida yana bubbuga bango yana motsa baki. Kabira tana gani ta wutsiyar ido, daɗi kamar ya kashe ta, ta kuma sauke daɗin a kan Basma da surutu.

Ana haka aka aiko ana neman uwar yaro.

Kabira ta sha abayarta ta fita kunya, ta zauna a baranda cikin sauran iyaye mata. Kafin a jima ta san tarihin wata 'yar Indonesiya da ke gefenta har da ciwon ƙafar mijinta. Wata murya ta fito daga ɗakin: "Ummu Mustafa!" Kabira ta ɗaga kai tana nazarin fankar sama. Aka sake kira, ta gyara jakarta. Aka yi ta shigar da wasu, har baranda ta zama ba kowa sai ita. Abla Manar ta leƙo, 'yar siririya mai tabarau, ta ce da Larabci, "Baiwar Allah, wa kike jira?"

Suka shiga. Abla Manar ta ce, "Yaya sunan ɗanki?"

Kabira ta sunkuyar da kai, ta nuna hoton yaron da ke manne a bango da haɓa.

Tausayi ya bayyana a fuskar Abla Manar. A ranta ta gama gano bakin zaren: ashe uwar ma tana da lalurar. Ta matso, ta tausasa murya, ta fara yi mata magana a hankali tana buɗe baki sosai, har ta miƙa hannu za ta ɗauko katunan hotunan da take koyar da yara da su. Daidai nan idon Kabira ya faɗa kan labulen ɗakin.

"Ya Abla, wannan labulen a ina aka sayo muku? Wallahi an cuce ku. Irinsa ne a bayan masallacin layinmu, in kin je ki ce Ummu Basma ce ta aiko ki, kada ki yarda da farashin farko, mutumin kirki ne amma idonsa a buɗe yake..."

Sai da Abla Manar ta zauna sosai. Da Kabira ta tsagaita shan numfashi, aka yi bayani. Ta faɗa mata yadda ake yi a wajensu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama da shi, ba a nuna shi a gaban mutane, balle mai sunan suruki. Abla Manar ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge. Sannan dariyar ta tsaya.

"Ki saurare ni, 'yar'uwa," in ji ta. "Ba al'adarku ce ta ɗaure masa harshe ba, ba kuma laifinki ba ne. Haka Allah ya yi shi. Amma ni ɗan lokaci nake ganinsa, ke kullum kuna tare. Kuma ga inda gizo ke saƙar. Izinin da tamin suka bayar zai ƙare da ƙarewar zangon nan. Ba za su sabunta ba sai na rubuta musu cewa ana aiki da shi a gida, kuma ɗaya daga cikin iyayensa ya zo ya yi zaman a gabana na gani. Ni kuwa ba na rubuta abin da ban gani ba."

"Sai ubansa ya zo."

"Namiji ba ya shiga makarantar nan."

"Kakarsa fa?"

"Kin ce ba ta ji."

Abin da ake so bai taka kara ya karya ba, in a wajen wata ne. Ta zauna gaba da gaba da shi, ta kira sunansa, ta tambaye shi abu, ta jira ya amsa. Kuma sunan yanka, ba Tsoho ba. Domin duk abin da ya fi ba yaron wuya shi ne a ce masa "Yaya sunanka?" A nan yake maƙalewa, a nan yara suka fi yi masa dariya. Suna ne da ba ya jin sa a bakin kowa a gidansu.

Kabira ta gyara zama ta shiga ciniki. Ta ce a rage mata, ta yi zaman amma ban da sunan. Ta ce to ta faɗi rabinsa. Ta ce ta rubuta a takarda ta ɗaga. Ta dafe ƙirji, ta ambaci zumunci, ta kawo maganar iyaye da kakanni. Abla Manar tana murmushi tana girgiza kai. A tarihin Kabira wannan ne ciniki na farko da ta tashi ba a rage mata komai ba.

A hanyar gida ba ta yi wa direban tasi magana ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta san in tamin ya janye hannu, kuɗin cibiyar ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Yaron da ya fara bubbuga bango zai koma nuni da yatsa. Ta ji tsoro, tsoro na gaske.

Amma Kabira ba ta rasa dabara. Da farko ta wakilta Basma: ta ba ta katunan da aka ba su, ta ce ta je ta tambayi wancan. Basma ta ɗaga kati ta ce, "Mene ne wannan? Raƙumi ne. Wannan fa? Kifi." Ta yi tambaya ta ba da amsa har katunan suka ƙare, Tsoho bai ce uffan ba. Sai Kabira ta koma yi wa firji magana. Takan tsaya a gabansa ta ce, "Ko wani a gidan nan zai gaya mini me aka ci a makaranta yau?" Yaron ya kalli firji, ya kalli uwarsa, ya wuce ɗakin kakarsa.

Madubi ne ya fitar da ita. Ta tuna na ɗakin Abla Manar, ta shiga Misfala ta sayo wani babba, bayan ta wahalar da mai shi. Ta jingine shi a bango. Hujjarta ita ce, an ce kada a zura wa ɗan fari ido, amma ba ta taɓa jin an hana kallon madubi ba. Bayan la'asar sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, kowa na kallon gilashi, ita ta ɗaga kati, shi ya buga ƙasa da tafin hannu.

A nan ta gane kiran suna ba shi kaɗai ne jarrabawarta ba. Jira ma jarrabawa ne. Yaro zai kama harafi yana kokawa da shi, kalmar tana kan harshenta tana tsalle, ta san ta, ta san wadda za ta biyo baya. Sai ta cusa bakin mayafi a baki ta cije. Ranar farko har gumi ta yi. Hafizu ya dawo daga Madina ya tarar da gidan shiru, ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko lafiya.

A cikin shirun nan ta fara sanin ɗanta. Ashe ɗan banzan ban dariya ne. Ya iya kwaikwayon tafiyar kakarsa, ya iya yadda ɗan Yaman mai abaya ke ɗaga hannu sama in ta ishe shi. Wata rana ba kati, ba tambaya, ya kalle ta ta cikin madubi, ya fara buga ƙasa.

"Ƙa... ƙafarki," ya ce. Ta cije mayafi. "Tana... fitowa. A ƙasan... labule."

Duk safiyar da ta laɓe tana kallonsa, ashe yana ganin yatsunta. Kabira ta miƙe da sauri ta ce albasa tana ƙonewa, alhali ba ta ɗora komai a wuta ba. Ta daɗe a kicin tana share ido.

Zango ya zo ƙarshe, aka sa ranar zama. Sunan dai yana nan inda yake. Ta gwada shi ita kaɗai a banɗaki, leɓɓanta suka haɗu suka ƙi rabuwa. Abin da ya fi damunta surukarta ce. Da wane ido za ta kalli Hajiya Rakiya in labari ya dawo cewa ta tsaya a gaban bare ta ambaci sunan mijinta gatsal? Ai sai a ce zaman Makka ya fitsare ta.

Da safen ranar tana ɗaura niƙabi, tsohuwar ta ƙwala mata kira. Da yake ba ta jin kanta, maganar sirrinta ma har maƙwabta ke ji.

"Kabira! Zo nan. Kunnena ne ya mutu, idona yana nan. Na ga madubi, na ga mayafin da kike ci." Kabira ta durƙusa. Tsohuwar ta ci gaba. "Sunan nan na mijina ne. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya har furfura, ban taɓa faɗarsa ba. Malam nake cewa, har ranar da aka yi masa sallah a Harami. Yanzu wani lokaci nakan so in kira, ba mai amsawa. Ke ɗanki yana da rai, yana da kunne. Ni ke da sunan, na ba ki. Tashi ki tafi." Kabira ta buɗe baki za ta yi godiya, tsohuwar ta katse ta: "In za ki dawo ki taho mini da man zafi, ba irin na wancan karon ba."

A ɗakin, Abla Manar ta ajiye ƙananan kujeru biyu suna fuskantar juna, ɗan tebur a tsakani. Kabira ta waiga neman madubi, ta ga an juya fuskarsa bango. Ta zauna, ta ɗage niƙabi. Tsoho yana gabanta da farar riga, ƙafafunsa ba sa kai ƙasa. Rabon da ta kalle shi ido cikin ido haka, tun yana goye.

"Bismillah," in ji Abla Manar. "Kira shi."

Kabira ta ja numfashi. Matar da ta sa 'yan kasuwar Misfala suka san Hausa dole, ta buɗe baki.

"Mu..." Ta tsaya. "Mu... Mu..."

Ya maƙale. Ta sake, ya sake maƙalewa. Zufa ta karyo mata, idonta ya kawo ruwa. Abla Manar ta ɗan motsa za ta sa baki, sai ta fasa, domin yaron ya riga ta.

Ya san wannan maƙalewar, kullum da ita yake kwana. Ya matso da kujerarsa, ya kama hannun uwarsa ya shimfiɗa a tebur, ya ɗora nasa a kai.

"Shuwayya-shuwayya," ya ce mata. Ya ɗaga hannayen ya buga. "Mus." Ya sake bugawa. "Ta." Ya sake. "Fa." Sannan ya haɗa mata shi gaba ɗaya don ta ji yadda ake yi: "Mustafa."

Bai maƙale ba, bai ma lura ba, hankalinsa yana kan ɗalibarsa. Abla Manar ta toshe baki da hannu guda, ɗaya hannun yana laluben biro.

Kabira ta bi bugun. "Mus... ta... fa." Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "Mustafa."

"Na'am," ya ce.

Ya kalle ta kamar mai ɗanɗana abin da bai taɓa ci ba. Sannan ya gyara zama, ya ɗaure fuska irin ta malamai, ya sake ɗora hannunsa a kan nata.

"Marra tanya," in ji shi.